Kowa da Sunansa: Darasi Daga Makabartar Glasnevin

Idan aka ce a kawo tarihin wani wuri a mujallar makaranta, yawanci hankali yakan tafi ga fadar sarki, ko tsohuwar majami'a, ko filin da aka gwabza yaƙi. Da wuya a sami mai cewa a kawo tarihin makabarta. Yawancinmu ma idan hanya ta biyo da mu ta gefen makabarta da almuru sai mu ƙara sauri, ko waiwaye ba ma yi. To amma bana mun zaɓi mu yi magana a kan wata tsohuwar makabarta da 'yan Katolika suka kafa a Dablin, babban birnin ƙasar Ayalan, wadda ake kira Glasnevin.

Ra'ayinmu a taƙaice shi ne, ana gane mutuncin jama'a ta yadda suke bi da matattunsu, musamman matattun da ba su bar dukiya ko suna ba. Waɗanda suka kafa Glasnevin sun yi abu biyu da suka cancanci koyi. Sun bar ƙofarta a buɗe ga kowa, sa'an nan sun rubuta sunan duk wanda aka binne a cikinta. Mu kuwa a ikkilisiyoyinmu muna da sauran aiki a kan waɗannan abubuwa biyu.

Me Ya Kai Mu Ayalan?

Wani zai ce, ina ruwan biri da gada? To, ruwa kam akwai. Da yawa daga cikin firistoci da sistocin da suka buɗe makarantun mishan da asibitocin Katolika a arewacin Nijeriya daga Ayalan suka fito. Ƙungiyar mishan ta SMA, wadda firistocinta suka sauka a Shendam cikin shekara ta 1907, ta kafa reshenta na Ayalan a 1912, daga baya kuma 'yan wannan reshe suka ɗauki nauyin babban ɓangare na aikin a Arewa. Sistocin St. Louis sun iso Kano daga Ayalan a 1948. A 1961 kuma aka zaɓi Waliyyi Patrick, wanda ya kai bishara Ayalan, ya zama waliyyin Nijeriya mu ma. Saboda haka tarihin Glasnevin tarihin gidan waɗanda suka koya wa kakanninmu da yawa karatu ne, ya kamata mu san irin wuyar da su ma suka sha.

Yadda Aka Kafa Ta

Ayalan ta yi shekaru aru-aru a ƙarƙashin mulkin Ingila. Bayan da Ingila ta raba gari da Paparoma a ƙarni na 16, sai tsofaffin majami'u da makabartun da ke kewaye da su suka koma hannun ikkilisiyar gwamnati, watau ta Anglika, alhali kuwa mafi yawan mutanen ƙasar 'yan Katolika ne. Daga wajen ƙarshen ƙarni na 17 aka bi da dokoki masu tsanani waɗanda suka hana ɗan Katolika shiga majalisa, da riƙe babban muƙami, suka kuma ƙuntata masa wajen mallakar ƙasa. An sassauta da yawa daga cikinsu kafin shekara ta 1800, amma har bayan wannan lokaci 'yan Katolikan Dablin ba su da makabarta tasu. Idan nasu ya rasu sai su kai shi hurumin majami'ar Anglika, a can kuwa fada ba shi da sakewar yin cikakkiyar addu'ar jana'iza.

A shekara ta 1823 abin ya kai intaha. Ana cikin jana'iza a hurumin majami'ar St. Kevin, sai mai kula da wurin ya tsawata wa wani babban fada, ya hana shi yin addu'a a bakin kabari, a gaban dangin mamacin. Labari ya bazu, gari ya ɗau zafi. Nan ne wani lauya mai suna Daniel O'Connell ya tsaya. Ya bincika ya nuna cewa babu dokar da ta hana yi wa mamaci addu'a a bakin kabarinsa. A wannan shekara ce ya kafa wata ƙungiya ta neman 'yancin 'yan Katolika, wadda ba da daɗewa ba talakawa suka riƙa tallafa mata da kwabo ɗaya a wata. A 1824 majalisa ta yi dokar da ta sassauta maganar jana'iza, sai dai har yanzu sai an nemi izinin limamin Anglika. O'Connell da abokansa suka ga cewa mai kwana a ɗakin aro ba ya miƙe ƙafa, gara su nemi filinsu.

Sun fara buɗe wata ƙaramar makabarta a Goldenbridge cikin 1829, shekarar da aka ba 'yan Katolika damar zama a majalisar Landan. Da suka ga ba za ta isa ba, sai suka sayi eka 9 a Glasnevin, arewa da birni. Aka keɓe filin ranar 21 ga Fabrairu, 1832. Kashegari aka binne mutum na farko, wani yaro ɗan shekara 11 mai suna Michael Carey, daga wata unguwar talakawa ta cikin gari. Yau filin ya kai wajen eka 124, waɗanda ke kwance a ciki kuma sun kai wajen miliyan ɗaya da rabi, watau sun fi masu rai na cikin birnin Dablin yawa.

Ƙofa a Buɗe

Ga abu na farko da muke so mai karatu ya lura da shi. Mutanen nan an wulakanta su a bakin kabarin 'yan'uwansu. Da sun ga dama, da suka sami nasu filin sai su kafa doka cewa ba mai shiga sai ɗan Katolika, ba kuwa wanda zai ga laifinsu, tun da an ce ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi. Amma O'Connell ya nace cewa makabartar ta zama ta kowa, kowace ɗarika ta binne nata da irin addu'arta, har da wanda ba ya bin kowane addini. Abin da aka yi musu suka ƙi yi wa wani.

Wannan shawara ta ba da 'ya'ya. Charles Stewart Parnell, babban jagoran siyasar Ayalan bayan O'Connell, ɗan Anglika ne, kuma ya mutu a 1891 ba ya ga maciji da bishop-bishop na Katolika. Duk da haka a Glasnevin aka binne shi, a wurin da aka zuba talakawan da annobar kwalara ta kashe. Bayan shekaru, yaƙin basasa ya ɓarke a 1922 tsakanin waɗanda suka yi gwagwarmayar neman 'yanci tare. Michael Collins, wanda aka harbe a watan Agusta na wannan shekara, yana kwance a nan. Éamon de Valera, wanda ke ɗaya ɓangaren a yaƙin, daga baya ya shugabanci ƙasar ya rasu a 1975, shi ma yana nan. Ƙasa guda ta rufe su duka.

Akwai kuma Roger Casement, wanda ya taɓa aikin gwamnatin Ingila a Kalaba daga 1892, daga baya a 1904 ya rubuta rahoton da ya tona asirin zaluncin da ake yi wa mutanen Kwango wajen tara roba. Ingila ta rataye shi a Landan a 1916 saboda hannunsa cikin tawayen Ayalan, aka binne shi a gidan yari. Sai a 1965 aka mayar da ƙasusuwansa gida aka binne a Glasnevin. Mutanensa sun yi kusan shekara 50 suna roƙon a ba su gawarsa, domin sun san kabari ba ƙaramin abu ba ne.

Ƙofar ba ta tsaya ga manya kaɗai ba. A zamanin da makabartu da yawa ba sa karɓar jariran da aka haifa ba rai, ko waɗanda suka rasu kafin baftisma, Glasnevin ta ware musu wuri cikin keɓaɓɓen filinta. Dubban jarirai ne ke kwance a wannan sashe, wanda ake wa laƙabi da sashen mala'iku. Duk uwar da ta taɓa rasa jinjiri ta san darajar samun wurin da za ta je ta tsaya.

Littafin Sunaye

Abu na biyu shi ne rubutu. A shekarar da aka buɗe makabartar, annobar kwalara ta faɗa wa Dablin. Daga 1845 zuwa 1852 kuma aka yi babbar yunwa, sa'ad da cuta ta kama dankalin Turawa, wanda shi ne abincin talaka. Wajen mutum miliyan ɗaya suka mutu a ƙasar, wasu wajen miliyan ɗaya suka yi ƙaura. A tsakiyar yunwar, cikin 1849, kwalara ta sake dawowa. Gawa ta yi yawa, aka riƙa haƙa manyan ramuka ana binne mutane da yawa tare. Dubu ɗaruruwa na waɗanda ke Glasnevin ba su da ko dutse a kansu, domin danginsu ba su da halin saya.

Amma ga abin mamaki. Ma'aikatan makabartar sun riƙa shigar da kowane mamaci cikin littafi, da sunansa, da shekarunsa, da inda yake zaune, da sana'arsa, da abin da ya kashe shi. Sun kuma rarraba filin da haruffa da lambobi, ta yadda kowane kabari yake da nasa adireshi kamar gida a kan titi. Ba su ce wannan talaka ne ba sai an rubuta shi ba. Sun ci gaba da haka shekara da shekaru, magatakarda ya tsufa wani ya karɓa. A 2010 aka buɗe gidan tarihi a ƙofar makabartar, an kuma kwafe littattafan cikin kwamfuta. Yanzu jikan jikan wanda ya yi ƙaura zuwa Amurka lokacin yunwa yana iya neman sunan kakarsa ta intanet, ya zo a kai shi daidai inda take kwance, ko da ciyawa ce kawai a wurin. Ta wannan littafi ne muka san sunan yaron nan Michael Carey, bayan kusan shekara 200.

Sun kuma tsare gawar kanta. A wancan zamani akwai ɓarayin da ke tone sababbin kaburbura da dare su sayar da gawa ga makarantun koyon likita. Sai aka kewaye wurin da doguwar katanga, aka gina hasumiyoyin tsaro, aka sa masu gadi da karnuka. Katangar da hasumiyoyin suna nan har yau.

Ba Duka Aka Taru Aka Zama Ɗaya Ba

Kada mai karatu ya ɗauka cewa kome ya tafi sumul. O'Connell ya rasu a Genoa ta ƙasar Italiya a 1847, a kan hanyarsa ta zuwa Roma. Aka kawo gawarsa Glasnevin, a 1869 kuma aka mayar da ita ƙarƙashin wata doguwar hasumiya da ta fi mita 50, wadda aka gina don tunawa da shi. A 1971, lokacin rikicin Ayalan ta Arewa, aka dasa wa hasumiyar bam, matakalarta ta lalace, ba a sake buɗe ta ga masu hawa ba sai a 2018. A 2016 kuma aka kafa wani bango mai ɗauke da sunayen dukan waɗanda suka mutu a tawayen 1916, 'yan tawaye da farar hula da sojojin Ingila gaba ɗaya. Wasu ba su ji daɗin ganin sunayen sojojin ba, aka yi ta lalata bangon, har a 2022 masu kula da makabartar suka haƙura da shi. Wannan ya nuna mana cewa barin ƙofa a buɗe aiki ne da kowane zamani zai sake yi da kansa.

Akwai wani labari mafi ɗaci, wanda ya nuna abin da ke faruwa idan ba a kula da rubutu ba. A High Park, ba nisa da Glasnevin, wata ƙungiyar sistoci tana da gidan wanki inda ake tsare matan da jama'a suka juya wa baya, suna aiki ba albashi. Waɗanda suka mutu a can, a can ake binne su. A 1993 aka sayar da wani sashe na filin ga masu gine-gine, aka nemi izinin tone gawa 133. Da aka shiga tono sai aka iske 155. Mutum 22 ke nan da ba a lissafa da su ba, kuma da yawa daga cikin matan ba a sami takardar shaidar mutuwarsu ba. Aka ƙone ƙasusuwan kusan dukansu aka binne tokar a Glasnevin. A 2013 firayim ministan ƙasar ya nemi gafara a gaban majalisa saboda hannun gwamnati cikin irin waɗannan gidaje. Gari ɗaya, addini ɗaya, amma a wuri ɗaya an riƙe sunan talaka, a ɗaya wurin an bar shi ya ɓace. Ba mu kawo wannan don mu ci mutuncin kowa ba, sai domin gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

To, Mu Fa?

Mu dawo gida. Mu tambayi kanmu tsakani da Allah: a makabartar ikkilisiyarmu, wa ya san inda aka binne katikis na farko? Ina kabarin malaman da suka fara koyarwa a ƙarƙashin itace, da matan zumunta da suka ɗebo ruwan ginin majami'a a ka? Sau da yawa gicciyen katako ne aka kafa, gara ta cinye shi cikin damina biyu. Idan na ƙarfe ne, masu tara gwangwan su tsince. Sanin wurin yana cikin kan wani dattijo guda, ranar da ya bi su kuwa shi ke nan. Ga shi garuruwanmu suna ta faɗaɗa. Makabartar da a dā take bayan gari yanzu tana tsakiyar unguwa, wannan ya ɗan ja katangarsa, wancan ya zuba shara, wani ya shuka masara. Idan ba takardar fili, ba shinge, ba littafi, da me za a kare ta ranar da aka zo da motar rusau?

Game da ƙofa kuma, ba muna cewa a haɗa makabartar Kirista da ta Musulmi ba ne, kowa yana da tsarin addininsa, ya kamata a girmama. Maganarmu a cikin gida take. Mun sha jin an jinkirta jana'izar wani domin ana binsa kuɗin ƙungiya ko na ginin coci, an bar gwauruwa da marayu suna yawon neman rance gawa na jira. Mun sha jin ana gardama ko mamacin ɗan wace ɗarika ne, ko ɗan wace ƙabila. Baƙon da ya zo cin rani ya rasu ba dangi, wa ke ɗaukar nauyinsa? Duk ranar da muka tsaya a bakin kabari muna duba kati, mun zama mai gadin nan na St. Kevin, ko da ba mu sani ba.

Wani zai ce, masu rai ba su ƙoshi ba, ana maganar matattu? Rufin aji yana yoyo, malamai suna jiran albashi, sa'an nan a kashe kuɗi kan makabarta? Wannan magana tana da nauyi, mu ma ba mu goyi bayan almubazzarancin da ake yi a wasu jana'izu ba, inda ake cin bashi don akwati mai tsada da anko da yanka shanu. Amma abin da ya sa aka san Glasnevin a wurinmu, littafi ne da alƙalami da mutum mai riƙon amana. Waɗannan kuɗinsu bai kai na buhun siminti biyu ba. Mutanen da suka fara wannan aiki da kwabo-kwabo suka fara, a ƙasar da yunwa ke kashe mutane.

Wani kuma zai ce, ai Allah ya san nasa, ba ya bukatar littafinmu. Gaskiya ne. Mu ne muke bukatarsa. Littafi Mai Tsarki ya ba mu labarin yadda Ibrahim ya auna shekel 400 na azurfa ya sayi kogon Makfela a gaban shaidu don ya binne Saratu, bai yarda a ba shi kyauta ba. Tobit ya sa ransa cikin hatsari yana binne gawawwakin da aka yasar. Yusufu mutumin Arimatiya ya ba da sabon kabarinsa aka sa Ubangijinmu. Mu da muke shaida tashin matattu kowace Lahadi, bai dace mu bar wurin kwanciyarsu ya zama juji ba.

Abin da Za Mu Iya Yi

Muna ba da shawara huɗu, kuma babu wadda ta fi ƙarfinmu.

Na farko, kowace ikkilisiya ta sayi babban littafi mai kauri na jana'iza kaɗai. A rubuta sunan mamaci, da shekarunsa, da garinsu, da ranar rasuwa, da layi da lambar kabarinsa. Jariri ma a rubuta, baƙo ma a rubuta. A yi kwafi biyu, ɗaya a ajiye a wani gida dabam saboda gobara da rikici.

Na biyu, mu ɗalibai mu ɗauki aikin tsofaffin kaburbura. Lokacin hutu mu zauna da dattawa, mu bi su zuwa makabarta su nuna mana wane ne a ina, mu zana taswira. Wanda ya iya lissafi ya auna, wanda ya iya zane ya zana, mai kyan rubutu ya rubuta. Ƙungiyar tarihi ta makaranta ba za ta sami aikin da ya fi wannan amfani ba. Sai dai a yi da wuri, domin dattawan ba za su jira mu ba.

Na uku, shugabannin ikkilisiya su nemi takardar mallakar filin makabarta daga hukuma, a kafa duwatsun iyaka. Idan ba kuɗin katanga, a dasa itatuwa a kewaye. A sa ranar gayya sau ɗaya a shekara, bayan ɗaukewar ruwa, kusa da 2 ga Nuwamba da 'yan Katolika ke tunawa da dukan matattu, a nome ciyawa a gyara alamomi.

Na huɗu, a yanke shawara a fili cewa ba za a tsayar da jana'izar kowa saboda bashi ba. A buɗe ƙaramin asusu don binne marasa galihu, kowa ya riƙa jefa abin da ya sawwaƙa a wata.

'Yan'uwa ɗalibai, musamman ku da kuke fita bana, wata rana ku ne dattawan ikkilisiya, ku ne magatakarda, wasunku ma za su zauna a ofishin da ake raba filaye. Idan takardar wata tsohuwar makabarta ta zo kan teburinku, ku tuna cewa masu wurin ba za su iya zuwa su yi wa kansu magana ba, ku ne bakinsu. Iyayenmu kuma muna roƙo a ba mu dama mu fara da littafin nan tun cikin hutun da ke tafe.

Ubangiji ya ba waɗanda suka riga mu hutawa, mu kuma ya ba mu ikon riƙe amanarsu. Amin.